Babi Na Shida: Teburin Da Ya Ƙi Hawa

Wanda ya bi ta gefen Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda kowa ke kira Poli, ya nufi cikin Tudun Wada, kunnensa ne zai riga idonsa sanin ya iso Tsohuwar Panteka. Ƙarar guduma, kukan injin wasa ƙarfe, tartsatsin walda, ga masu narka alminiyam suna zuba tukwane. A nan ake ƙera ƙofofi da tagogi, da injin niƙa, da injin casar masara, da kurar ruwa, da abubuwan da ba su da suna sai ranar da mai buƙata ya zo ya kwatanta. Kusan duk waɗannan sai an huda musu rami kafin a ɗaure su, shi ya sa ba ka yin nisa ba ka ga injin huda ƙarfe a tsaye a bakin rumfa ba: ginshiƙi guda, kai mai ɗauke da motar lantarki da bel a sama, tebur a tsakiya, gindi mai nauyi a ƙasa.

Idan ka shiga, kada ka tsaya kallon kan injin. Dubi teburin. Sau da yawa za ka tarar an jibga masa guntayen katako da yankakken bututu, an ɗora aiki a can bisa tulin. Wani kuma an tokare shi daga ƙasa da gungumen ice. Hannun da ake juyawa a ɗaga shi ko dai babu, ko yana nan yana lilo. Ka tambayi mai rumfa, amsar ba ta wuce, "Ai yana yi. Tebur ne kawai ba ya hawa."

Wannan "kawai" ɗin ce ta sa na ware wa abin babi guda. Idan mota ta ƙone, a ranar ake kai ta wurin mai naɗi, don aiki ya tsaya cak. Idan bel ya tsinke, kafin azahar an sayo wani. Amma na'urar ɗaga tebur tana mutuwa inji ya ci gaba da huda, saboda haka sai ta shekara a mace. Asarar tana nan, sai dai ba ta zuwa a dunƙule. Tana zuwa ne a ramin da ya karkace domin aikin na kan katakon da ba shi da daidaito, da bakin huda da ya karye domin ƙarfen ya goce, da bayan yaron shago wanda shi ake sa wa ya rungumi tebur mai kilo 20 ko fiye ya ɗaga, wani yana ɗaure masa. Ranar da ya kuɓuce masa, yatsun ƙafarsa ne a ƙasa, kuma galibi silifas ne a ƙafar.

Na'urar kanta ba ta da yawa. A jikin ginshiƙi akwai wata doguwar sanda mai haƙora, kwance daga gindi zuwa kusa da kai. Ba a ɗaure take da kusa ba. Ƙasanta na zaune cikin wani lungu a gindin ginshiƙi, samanta kuma wani zobe ne ya riƙe shi, kuma an sassaƙe bakunan biyu a karkace domin idan aka juya tebur hagu ko dama, sandar ta zagaya tare da shi. Teburin yana rataye ne a jikin wani wuyan ƙarfe da ya rungumi ginshiƙi. Cikin wuyan nan akwai ɗan ɗaki mai ɗauke da abu biyu: ƙaramar giya da ke cizon haƙoran sanda, da wani gajeren ƙarfe mai kaurin zare irin na kusa, wanda ke tura giyar. Wutsiyar ƙarfen zaren ce ta leƙo waje aka ɗaura mata hannun juyawa. A bayan wuyan kuma akwai hannu na biyu, na ɗauri, wanda ke matse wuyan a jikin ginshiƙi.

Hikimar tana wurin zaren. Shi yana iya juya giya, amma giya ba ta iya juya shi, saboda kwanciyar zaren ba ta da gangara sosai. Shi ya sa in ka sassauta ɗauri, tebur ba ya rikitowa, yana tsayawa inda yake har sai ka juya hannu. Shi ne kuma ya sa yaro ɗan shekara 12 ke iya ɗaga abin da ƙato ke nishi a kansa. To amma wannan ƙarfi da zare ke ninkawa bai san aboki ba. Idan tebur a ɗaure yake aka juya hannu, ƙarfin bai da inda za shi sai kan haƙora biyu ko uku. Sabon yaro ya juya ya ji tauri, ya ƙara ƙarfi, wani ma ya zura bututu a hannun don ya ƙara masa tsawo. Sai ka ji ƙas. A ganina wannan ce babbar hanyar da na'urar ke mutuwa, kuma laifin na wanda bai tsaya ya nuna wa yaron ba ne.

Sauran kuma yanayin garin ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu na sauka a kan komai. Ta haɗu da giris ɗin da aka lafta wa sanda, ta haɗu da garin ƙarfen da ke tashi daga dutsen wasa na maƙwabci, sai giris ya koma abin cin ƙarfe. Damina ta zo, feshi ya shigo rumfa, ginshiƙi ya yi tsatsa, wuya ya kama shi gam. Sai a koma ga bututu.

Kafin a kwance komai, hannu da kunne na iya gaya maka rabin labarin. In hannun na juyawa sakayau, babu nauyi babu ƙara, ka yi murna, domin mai yiwuwa 'yar kusar da ke riƙe shi ce ta saki. Wutsiyar ƙarfen zaren tana da gefe guda da aka shafe ya zama fili, nan kusar ke zama. Mayar da ita wurinta ka ɗaure, an gama. In yana tafiya lafiya sai ya zo wuri guda a tsayin ginshiƙi ya yi tsalle, haƙorin sanda ne ya tafi a wurin. In kuwa tsallen na dawowa a kai a kai ko'ina tebur yake, giyar ce ta yi giɓi. In sanda na bankarewa tana barin jikin ginshiƙi duk lokacin da aka juya, to ko ta lanƙwashe, ko zoben sama ya zame, ko kuma ana tura ta da ƙarfin da ya fi nata domin wuya ya kama. In hannun da kansa yana rawa ciki da waje, a duba ɗakin giyar da kyau, watakila ya tsage.

Kwancewa ba ta da wuya, amma tana da haɗari. A zare wuta tukuna, kada a dogara da cewa an ɗauke, domin ba ta sallama in za ta dawo. A cire teburin daga wuyansa a ajiye gefe. Zobe da wuya ba sa fita sai ta saman ginshiƙi, wato sai an sauke kan injin, wanda shi ne ya fi komai nauyi kuma nauyinsa ya rinjaya baya wajen mota. Mutum biyu ko uku, ba ɗaya ba. Wasu sukan kwantar da injin gaba ɗaya bisa tsofaffin tayoyi su zare kan a kwance, kuma wannan ya fi aminci. Daga nan a sassauta zobe, a zaro wuya da sanda tare, a wanke komai da kananzir. Sau tari a nan ne ake gane babu abin da ya karye, busasshen giris ne ya toshe tsakanin haƙora.

Lanƙwasasshiyar sanda ana miƙar da ita a kan ƙarfe mai shimfiɗa, haƙora na kallon gefe, a sa katako tsakaninta da guduma. Idan wurin da tebur ya saba zama ne ya cinye, ba daidai tsakiyarta ba, kuma bakunanta biyu sassaƙarsu iri ɗaya ce, akan kifa ta, sama ya koma ƙasa, sai lafiyayyun haƙora su zo wurin aiki. Haƙori ɗaya ko biyu da suka ɓalle kuwa ana cike gurbinsu da tagulla a wutar gas, a fito da siffarsu da magagari. Gwanaye sukan yanki ɗan gwangwani su fitar masa da siffar haƙora uku masu lafiya, ya zama ma'auni, a riƙa gogawa ana gwadawa har ya zauna. Akwai wata tsohuwar dabara ma: a huda ƙananan ramuka a gurbin haƙorin, a yi musu zare, a dasa kusoshi a jere, a cike tsakaninsu da tagulla, sannan a goge. Wannan na'ura da hannu ake juya ta, a hankali, saboda haka tana yafe ɗan kuskuren magagari. Haƙorin da aka gyara haka yana iya shekaru.

Abin da ba ta yafewa shi ne giyar da ba tata ba. Nan ne yawancin gyara ke zama gyaran gangar Auzinawa, kuma dalilin na komawa ga inda injunan suka fito. Kaduna gari ne na ma'aikatu. Akwai na jirgin ƙasa tun zamanin Turawa. A ƙetaren kogi, a Kakuri, masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, ma'aikatar ƙera makamai ta DICON ta zo a 1964, kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975. KTL ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ta bi bayanta a 2007. Injunan da ke bakin rumfuna a yau gauraye suke: akwai tsofaffin Ingila da suka fito ta hanyar gwanjo ko ta hannun 'yan gwangwan, akwai na hannu da ake shigowa da su ta Legas, akwai na Taiwan da na Sin. Tsofaffin Ingila da inci aka auna su. Najeriya ta koma awon mita a shekarun 1970, amma injin da aka ƙera kafin nan bai san an koma ba.

Ga yadda abin yake a fili. Girman haƙorin giya a awon mita ana faɗarsa da wata lamba da injiniyoyi ke kira modul. Idan modul 2 ne, tazarar da ke tsakanin haƙori da na kusa da shi milimita 6.28 ce. A awon inci akwai wani girma da ke kusa da shi ƙwarai, mai lamba 12, wanda tazararsa milimita 6.65 ce. Bambancin bai kai rabin milimita ba. Ka ɗora giyoyin biyu a tafin hannunka a rana tsaka, ba za ka raba su ba. Yaro ya je wurin masu tsofaffin kaya, ya tona buhu, ya sami wadda ta yi kama, ya gwada ta a jikin sanda ya ga ta zauna. A ɗaura, ta yi tauri, Oga ya ce, "Bar ta, za ta saki da kanta." Za ta saki ɗin, amma sai bayan ta cinye sandar da ke lafiya lau. An fita neman abu ɗaya, yanzu biyu ake nema.

Maganin wannan bai fi minti biyar ba ga mai ma'aunin baniya. Kada a auna haƙori ɗaya, a auna goma a jikin sanda, wato daga gefen na farko zuwa irin wannan gefen na na goma sha ɗaya. In modul 2 ne za a sami milimita 62.8, in na inci ne za a sami kusan 66.5. Abin da ya ɓuya a haƙori ɗaya ya fito fili a goma. Ita kuma giya mai miƙaƙƙun haƙora, a auna faɗinta daga tsini zuwa tsini, a ƙirga haƙoran a ƙara 2, a raba. Giya mai haƙora 14 da faɗin milimita 32, an raba 32 da 16, an sami modul 2. Sai dai a yawancin injunan Taiwan da Sin haƙoran giya da na sanda a karkace suke domin su dace da zaren, kuma karkatar tana da hagu tana da dama. A irin wannan, lissafin zai ɗan haura, kuma giyar da ta karkata ɓangaren da ba shi ba ko shiga ba za ta yi ba. Abin da ya fi shi ne a kwashi duka ukun, sanda da giya da ƙarfen zare, a kai wa mai injin yankan haƙori ya gani da idonsa.

In za a yanka sabuwa, ina da ra'ayi mai ƙarfi a kan irin ƙarfen. Mutane na son a yi musu da mai tauri, irin na giyar mota, wai don kada ta sake lalacewa. Kuskure ne. A cikin abubuwan nan uku dole wani ya ci wani, kuma gara wanda ake ci ya zama ƙarami, mai araha, mai sauƙin sakewa. Tagulla ko ƙarfe mai laushi ya isa.

Ko kusar da ke riƙe zobe ko hannu tana da irin wannan tarko. Zaren da Joseph Whitworth ya tsara a Ingila a 1841, wanda tsofaffin injuna ke ɗauke da shi, kusurwarsa digiri 55 ce, na mita kuwa 60. Kusar Whitworth mai kaurin 5/16 na inci da kusar mita mai lamba 8 kusan kaurinsu ɗaya, amma tazarar zaren ta farko milimita 1.41 ce, ta biyu 1.25. Za ta shiga zagaye biyu lafiya sannan ta cije. Wanda ya ɗauko sifana ya tilasta ta, zoben ne zai tsage a hannunsa.

Wannan ya kawo mu ga tsagewa, wadda ita ce mafi munin abin da ke samun wuyan tebur. Wuyan ƙarfen zubi ne, abin da masu walda ke ce wa kas, kuma halinsa daban da na ƙarfen ƙofa. In ana shakka, a taɓa shi da dutsen wasa: tartsatsinsa gajere ne, ja-ja, ba ya tashi nesa, na ƙarfen ƙofa kuwa dogo ne mai haske. Ko a huda shi kaɗan: kas gari yake fitarwa, toka-toka, ɗayan kuma yana fitar da murɗaɗɗen sassaƙe. Sinadarin kabon da ke cikin kas yakan kai kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari, na ƙarfen ƙofa bai kai kashi ɗaya bisa uku na kashi 1 ba. Idan aka ɗora masa ilaktirod na yau da kullum, wurin ya yi zafi nan take ya huce nan take, gefen waldar sai ya yi tauri kamar gilashi. Tun mai walda bai ajiye gilashin fuskarsa ba za ka ji ɗan ƙis, sabuwar tsaga ta fito a gefen tsohuwa.

Mai sanin kas ba ya sauri. Zai wanke maiƙon da ƙarfen ya sha, domin kas na shan mai. Zai bi tsagar har ƙarshenta, ya huda ɗan rami a kowane baki don kada ta ci gaba. Zai wasa ta ta buɗe kamar kwari. Sannan ya ɗora wuyan gaba ɗaya bisa gawayi ya yi zafi ko'ina, ba wurin tsagar kaɗai ba. Daga nan ko ya bi ta da tagulla a wutar gas, ko da ilaktirod na nikel, wanda ya fi na gama-gari tsada nesa ba kusa ba. Ya ɗan ja kamar tsawon gaɓar yatsa ya tsaya, ya bubbuga da ƙaramar guduma tun da zafi, ya koma wani gefen. In ya gama ba ruwa, ba iska. Sai ya binne shi cikin toka mai zafi ko busasshen yashi, sai gobe. Ni na fi son tagulla a wannan aiki, domin tana narkewa tun kas bai narke ba, kuma ramin da ginshiƙi ke shiga bai cika murɗewa ba. In ramin ya murɗe, ko walda ta yi kyau, wuya ba zai zame ba.

Akwai lokacin da gyara bai biya. Ɗakin giya ya farfashe, gutsattsarin sun ɓace, ko injin na da arahar da kuɗin yankan giya ya kusa kuɗin wani na hannu. A nan dabarar Panteka ba ta da na biyu, kuma ba na raina ta. Jak ɗin mota da aka kafa a gindi yana tokare wuya daga ƙasa yana yin aikin tsaf. Wasu kan rataya nauyi a bayan ginshiƙi da sarƙar babur, ta bi ta kan ƙaramin gare, nauyin ya yi daidai da na tebur, sai a ɗaga shi da hannu ɗaya. Sharaɗi guda ne: jak ya tokari kusa da ginshiƙi, kada ya tokari bakin tebur, in ba haka ba wuya zai karkace ya cije. Kuma a ɗaura wani zobe a ƙasan wuya wanda zai tare tebur ranar da jak ya saki. Abin da ban yarda da shi ba shi ne liƙe wuya da ginshiƙi da walda. An kashe injin ke nan da rabi.

Wajen mayarwa, zoben sama ya zauna bisa bakin sanda ba tare da ya danne ta ba. A bar sararin da kwalin ashana zai shiga, a juya tebur hagu da dama a ga sanda na bi. Giris a cikin ɗakin giya, inda ƙura ba ta kai. A jikin sanda da ginshiƙi kuwa ɗan baƙin mai a tsumma ya isa, a riƙa gogewa ana sabuntawa. Daga ƙarshe a gwada daidaiton tebur: a lanƙwasa waya mai kauri a ɗaure a bakin inji, tsininta na shafar tebur, a juya da hannu. In ta shafa ko'ina daidai, tebur ya miƙe. In ta karta gefe guda ta bar wani, a gyara tun ba a huda wa mutane ramuka a karkace ba.

Duk lissafin da na kawo a sama, ɗalibin shekarar farko a sashen injiniyan injuna na Poli ya san shi. Makarantar ta faro ne a 1956, ta zama Poli a 1968, kuma tana maƙwabtaka da Panteka. Ɗalibin ya san modul amma wataƙila bai taɓa binne kas a toka ba. Mai rumfa ya binne ɗari amma ba wanda ya taɓa nuna masa awon haƙora goma. Farfesa Idris Bugaje, wanda ya shugabanci Poli daga 2017 kafin ya koma shugabancin Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, a 2021, yana cikin waɗanda suka matsa a kan a gwada masu sana'ar Panteka a ba su takardar shaidar ƙwarewa. Hedikwatar hukumar ma a Kaduna take, a titin Bida. Takarda na da amfaninta, musamman ga mai neman kwangila. Sai dai in za a tambaye ni abin da ya fi gaggawa, zan ce ma'auni da yadda ake karanta shi.

Saboda haka, kai mai rumfa, in teburinka na kan gungume yau, ka ware masa rana guda cikin makon nan. Ka sayi baniya, ko ka haɗa kuɗi da maƙwabtanka biyu ku saya. Kuma duk yaron da aka kawo maka koyo, kafin ka nuna masa makunnin wuta, kama hannunsa ka ɗora a kan hannun ɗauri, ka ce masa wannan ake fara sassautawa.